Shin Wanda Bai Ƙware a Iyo Ba Zai Iya Shiga Kogin Nilu da Kayak a Jinja?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Kampala. Mu 'yan arewa da ke karatu a nan mun shirya zuwa Jinja idan an yi hutu, kuma wasu daga cikinmu suna so mu shiga kogin Nilu da ƙananan jiragen nan da ake kira kayak. Kamfanonin suna cewa tafiyar ta dace da kowa, gwani da ɗan koyo, tunda akwai jagora. Ni dai iyona bai wuce na kududdufi ba, kuma a cikinmu akwai mata biyu da wani mai ciwon sikila. Gaskiya ne kowa zai iya, ko kuwa maganar 'yan kasuwa ce?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar kamfanonin tana da gaskiya ta fuska ɗaya, wato suna da tafiyar da za ta dace da kowane irin mutum, amma hakan bai nuna cewa kowace tafiya da suke sayarwa ta dace da kai ba. A Jinja, a ƙarƙashin talla guda, ana kai mutane ruwa iri uku waɗanda ba su da alaƙa da juna ta fuskar haɗari, kuma aikin da ke gabanka tun kafin ka biya kuɗi shi ne ka tabbatar da wanne daga cikinsu za a saka ka. Da irin iyon da ka bayyana, ɗaya daga cikin ukun ya dace da kai da jama'arka gaba ɗaya, na biyu yana buƙatar sharaɗi, na uku kuwa shawarata ita ce ka bar shi a wannan karon.

Bari in fara da jirgin kansa, domin yawancinmu idan aka ce jirgin ruwa, kwale-kwalen katako ne ke zuwa mana a rai, irin wanda ake cika shi da mutane da buhuna da babura ranar kasuwa. Kayak ƙaramin jirgi ne na mutum ɗaya ko biyu, wanda mai shi ke zama a ƙasa da ƙafafu a miƙe gaba, yana tuƙi da filafili mai baki biyu, yana tsoma wannan gefe sannan wancan. Asalinsa na mutanen Inuwit ne da maƙwabtansu na yankin ƙanƙara a arewacin duniya, waɗanda suke ɗinka fatar dabbobin teku a kan ƙashi ko itace domin farauta. Na yanzu kuwa da roba mai ƙarfi ake yin yawancinsu. Akwai wanda ake zama a samansa, babu rami, mai faɗi ne, da wuya ya kife, kuma in ya kife mutum faɗuwa kawai zai yi cikin ruwa ya sake hawa. Akwai kuma wanda ake shiga cikinsa har ƙugu, a rufe bakin ramin da wani kyalle na roba da ke ɗaure a jikin matuƙi domin kada ruwa ya shiga. Wannan na biyun gajere ne, bai kai mita uku ba, an ƙera shi ne domin ya juya da sauri a ruwa mai gudu, saboda haka ɗan koyo yakan sha wahala kafin ya iya tafiyar da shi a miƙe. In ya kife, mutum yana rataye ne a ciki kansa a ƙasa, sai ya ja madaurin kyallen ya fito, ko kuma ya juyo da jirgin da ƙarfin ƙugunsa idan ya koyi hakan. Tambaya ta farko da za ka yi wa kamfani ke nan: wane irin jirgi za a ba mu? Ga ku, amsar da ake so ita ce wanda ake zama a samansa.

Sai maganar ruwan, wadda ita ce zuciyar al'amarin, kuma ba za a fahimce ta ba sai an san abin da madatsun ruwa suka yi wa kogin. Jinja tana da nisan kimanin kilomita 80 gabas da Kampala, a daidai inda Nilu ke fita daga Tafkin Biktoriya ya nufi arewa. A nan ne Baturen Ingila John Hanning Speke ya iso a 1862 ya ga wata magangarar ruwa ya sa mata suna Ripon, wadda ta nutse bayan an kammala madatsar Owen a 1954, wadda yanzu ake kira Nalubaale. Daga nan zuwa ƙasa, kogin ya kasance jerin magangaru masu ƙarfi, kuma su ne suka jawo masu wasan ruwa daga ko'ina a duniya tun daga shekarun 1990. A 2012 aka buɗe madatsar Bujagali mai ba da megawat 250 na lantarki, ta shanye magangarun Bujagali, ta mai da wannan sashe tafki mai kwanciya. A 2019 kuma aka buɗe ta Isimba mai megawat 183 a can ƙasa, ita ma ta haɗiye wasu daga cikin igiyoyin ruwan da gwanaye suka fi so. Masu sana'ar sun yi baƙin ciki da wannan asara, kuma ina tare da su a kai, amma ga mutum irinka sakamakon ya zo da alheri, domin yanzu akwai shimfiɗaɗɗen ruwa mai faɗi kusa da gari wanda babu shi a da.

Wannan tafki na bayan madatsar Bujagali shi ne ruwa na farko. Gudunsa kaɗan ne, gaɓoɓinsa biyu ana ganinsu, tuddai da itatuwa suna rage masa iska, kuma ruwan yana da ɗumi a duk tsawon shekara. Tafiyar awa biyu zuwa uku a kansa, da safe ko da la'asar, ita ce abin da za a iya cewa da gaske ya dace da kowa. Mutum zai ga mikiya mai cin kifi da zalɓe da guza a kan duwatsu, da birai a itatuwan gaɓa, da masunta cikin kwale-kwalensu. Ɗan koyo ba ya wuce kilomita uku zuwa huɗu a awa guda, saboda haka duk tafiyar ba za ta yi nisa da inda aka tashi ba. Haɗari guda da ke nan shi ne kusantar madatsar kanta, kuma jagora mai hankali ba zai kai ku can ba.

Ruwa na biyu shi ne bakin Tafkin Biktoriya, wurin da ake kai baƙi su ga mafarin Nilu. Ga ido yana kama da na farko, amma halinsa dabam ne, kuma zan dawo kansa. Ruwa na uku shi ne abin da ya rage na magangarun, daga ƙasan Bujagali zuwa inda ruwan Isimba ya fara. Masu sana'ar a duk duniya suna auna wahalar kogi da ma'auni mai matakai 6. Mataki na 1 ruwa ne mai gudu da ƙananan igiyoyi. Na 2 yana da duwatsu da igiyoyin da ake iya kauce musu cikin sauƙi. Na 3 yana buƙatar mutum ya iya sarrafa jirginsa da sauri. Na 4 da na 5 na ƙwararru ne, kuskure a cikinsu yana iya jawo rauni mai tsanani ko mutuwa. Na 6 kuwa shi ne wanda ba a shiga sai da ganganci. A wannan sashe na Nilu akwai magangaru har mataki na 5, akwai kuma Itanda, wadda ko jiragen roba na 'yan yawon buɗe ido sauka ake yi a zagaya mafi munin ɓangarenta ta ƙasa. Idan ka ji an ce maka za a kai ka mataki na 5 ba tare da ka taɓa riƙe filafili ba, abin da ake nufi shi ne ɗayan biyu: ko babban jirgin roba da ake hurawa mai ɗaukar mutum shida zuwa takwas, ko kuma kayak mai kujera biyu, kai a gaba, gwani a baya yana sarrafawa.

Wannan na mai kujera biyu shi ne ya fi ruɗar mutane, shi ya sa zan daɗe a kansa. Gaskiya ne ba a buƙatar ka iya tuƙi, domin na bayanka shi ke yin aikin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ana buƙatar ka iya natsuwa a ƙarƙashin ruwa. Jirgin yana kifewa, kuma kifewar tana cikin tsarin tafiyar. Idan ta faru, ana so ka sunkuya ka rungume jirgin ka riƙe numfashi har gwanin ya juyo da ku, in kuma bai iya ba ka fito ka bi ruwa. Nilu a wannan wuri kogi ne mai yawan ruwa da zurfi, duwatsun da ke kusa da sama ba su da yawa idan aka kwatanta da ƙananan kogunan tsaunuka, kuma bayan kowace magangara akwai gurbi mai kwanciya inda ake tattara waɗanda suka faɗa. Wannan ne ya sa ake iya kai baƙi cikinsa. Sai dai ruwan da ya yi fari fat da kumfa cike yake da iska, ba ya ɗaga jiki kamar ruwa na yau da kullum, don haka ko da rigar kariya a jikinka zai iya danna ka ƙasa na daƙiƙu da yawa, ya sake ka ka ja numfashi guda, ya kuma danna ka. Wanda ya saba da ruwa ya san cewa zai fito, sai ya jira. Wanda bai saba ba yakan buɗe baki domin ihu a daidai lokacin da igiya ta gaba ke isowa. Yawancin waɗanda na ga sun wahala a irin wannan ruwa ƙarfin jiki bai gaza musu ba, firgita ce ta sa suka sha ruwa suka manta da duk abin da aka gaya musu a gaɓa. Mutumin da iyonsa na kududdufi ne bai taɓa gwada kansa a wannan hali ba, kuma tsakiyar magangara ba wurin gwaji na farko ba ne.

Game da rigar kariya, ka san cewa iri biyu ce. Wadda masu kayak suka fi sawa tana taimakon mai iyo ne ya tsaya a sama, ƙarfin ɗagawarta a ma'aunin ƙasa da ƙasa yana farawa daga niyuton 50, kuma ba ta juyo da fuskar wanda ya suma zuwa sama. Ɗayar, mai niyuton 100 ko 150 da abin wuya mai kauri, an yi ta ne domin ta ɗaga kan mutum ko da bai san inda yake ba. Wanda bai iya iyo ba ya faɗa a fili, ya nemi wadda ta fi ɗagawa. Kowace iri ce kuma, ba ta da amfani in ba ta kama jiki ba: bayan an ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ja sama da ƙarfi, idan ta hau har kunnuwa to a cikin ruwa ma haka za ta yi, sai a ƙara matse ta ko a canza. Na san tsoron da yawancinmu ke ɗauke da shi daga gida, bayan haɗarin jirgin ruwa da ya faru a Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021 da na Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban wannan shekara. Abin da ya haɗa irin waɗannan haɗurra shi ne lodi fiye da ƙima da rashin rigar kariya a jikin fasinjoji. Ba a cire rigar a kan ruwa saboda zafi ko domin ɗaukar hoto, kuma sa ta bai rage wa kowa tawakkali ba.

To yaya ake gane jagoran kirki? Ana gane shi a tudu, tun kafin jirgi ya taɓa ruwa. Shi zai fara tambayar ku, ɗaya bayan ɗaya, wa ya iya iyo, wa ke da ciwo, wa ke shan magani, kuma amsar da kuka bayar za ta canza shirinsa. Da hannunsa zai gwada rigar kowa. Zai ɗauki lokaci ya nuna yadda ake riƙe filafili, abin da za a yi in an kife, da alamun hannu da na usur da zai yi amfani da su, domin murya ba ta nisa a kan ruwa. A jikinsa za ka ga jakar igiya ta jefawa, wadda tsawonta kan kai mita 15 zuwa 20, da wuƙa, a jirginsa kuma akwai akwatin taimakon gaggawa da waya a cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Ka tambayi mutum nawa kowane jagora zai kula da su. A ruwa mai kwanciya, jagora ɗaya ga mutum shida zuwa takwas abu ne da aka saba. Tun da a cikinku akwai waɗanda ba su iya iyo ba, ni zan nemi jagora biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Kana da ikon tambayar takardar shaidar horo, musamman ta ceto a ruwa mai gudu irin wadda cibiyar horar da masu ceto ta Rescue 3 ke bayarwa, ko ta koyarwa daga hukumar wasan a Birtaniya, wadda tun 2024 ake kira Paddle UK, da kuma takardar taimakon gaggawa wadda wa'adinta bai ƙare ba. Kamfanin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Kada kuma ka raina jagora don ka ga ɗan gari ne. Da yawa daga cikin waɗanda ke aiki a Jinja a ƙauyukan bakin kogin suka tashi, sun san kowane dutse da yadda ruwan ke canzawa idan madatsun sama suka ƙara ko suka rage abin da suke saki a cikin yini, kuma daga cikinsu ne aka samu tawagar da ta wakilci Yuganda a gasar kayak ta duniya da aka yi a kogin Ottawa na Kanada a 2015, har da mace a ciki. Alamar da na fi dogara da ita, sama da takarda, ita ce ko mutum zai iya cewa a'a. Ka tambaye shi a wane hali yake fasa tafiya, da kuma ko ana mayar da kuɗi idan an fasa. Wanda ya ce maka bai taɓa fasawa ba, ko ya ce iyo ba shi da muhimmanci tunda akwai riga, ka nemi wani.

Abin da za a koya muku a gaɓa ba shi da yawa, amma yana da kyau ka je da shi a kanka. Ana tuƙi ne da juyin ƙirji da ƙugu, hannuwa riƙo kawai suke yi, kuma wanda ya dogara da damtse zai gaji kafin rabin awa. Jirgi yana bin inda kai ya karkata, don haka a bar ƙugu ya sake, jirgin ya yi rawarsa a ƙasa, kai kuma ya tsaya a tsakiya. Kamar mai ɗauke da tulu ne a ka, ƙafa na bin gargadar hanya amma wuya na tsaye. Kada a ɗaga gwiwar hannu sama da kafaɗa a miƙa ta baya yayin ƙoƙarin hana kifewa, domin gocewar kafaɗa tana cikin raunukan da suka fi samun masu wannan wasa. In an kife a ruwa mai kwanciya, a riƙe jirgin, domin shi ba ya nutsewa kuma an fi ganinsa daga nesa fiye da kan mutum, a jira jagora. In a ruwa mai gudu ne, a kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna fuskantar inda ruwa ya nufa, kuma kada a yi ƙoƙarin miƙewa tsaye sai ruwan ya yi sanyin gudu kuma bai kai gwiwa ba. Dalilin wannan shi ne ƙafa tana iya maƙalewa tsakanin duwatsu, ruwa ya tura jiki gaba ya danna fuska ƙasa, kuma wannan yana kashe mutum a ruwan da bai kai ƙugu ba. A nisanci itacen da ya faɗa cikin kogi, domin ruwa yana ratsa rassansa ya wuce amma mutum tsayawa yake yi a jikinsu.

Maganar sutura ta shafe mu fiye da yadda ta shafi Turawan da aka rubuta yawancin tallan dominsu. Doguwar riga da jallabiya da zane da dogon hijabi duk haɗari ne a cikin ruwa, saboda suna naɗe ƙafafu da hannuwa, suna iya rufe fuska, suna kuma maƙalewa a jikin jirgi. Ana iya rufe jiki sarai ba tare da wannan ba. Maza su sa wandon motsa jiki da riga mai dogon hannu ta yadin da ke bushewa da wuri. 'Yan'uwa mata su sa dogon wando da riga mai dogon hannu da ta sauko ƙasan ƙugu, da ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ba ya buƙatar fil, a cusa ƙasansa cikin rigar kariya. Ana iya tambaya tun da wuri ko akwai jagora mace, da kuma wurin canza kaya mai sirri. Idan kuma babu mace, su matan su gwada wa juna rigar kariya a gaban jagora yana faɗa musu abin da za su gyara. A jirgi mai kujera biyu su biyun za su iya zama tare, muddin jagora yana kusa da su. Takalmi ya zama mai ɗauri a diddige, silifas ruwa zai tafi da shi. Jinja tana dab da layin da ya raba duniya biyu, a tudun da ya haura mita 1,100, kuma ruwa yana maido da hasken rana fuska, saboda haka hula da ruwan sha wajibi ne ko da akwai gajimare. Ka lura kuma cewa tafiyar faɗuwar rana a wurare da yawa ana haɗa ta da giya a cikin kuɗin. Ku faɗa tun farko cewa ba kwa so, ku kuma duba lokacin magariba, domin a wannan yanki rana tana faɗuwa wajen ƙarfe bakwai duk shekara kuma duhu yana biyo baya da sauri. Tafiyar safe ta fi sauƙi ta kowace fuska.

Ɗan'uwanku mai sikila shi ne wanda ya kamata a tsara tafiyar a kansa. Abubuwan da ke tayar da ciwon sun haɗa da ƙarancin ruwa a jiki, gajiya mai tsanani, da sanyi na farat ɗaya, kuma mutum a jiƙe cikin iska yana jin sanyi ko da ruwan mai ɗumi ne. Ya fara tuntuɓar likitansa. In an amince masa, ya zauna a gaban jirgi mai kujera biyu tare da jagora domin ya huta duk lokacin da ya so, ya riƙa shan ruwa a kai a kai, a tanadar masa busassun kaya da maganinsa, kuma tafiyar ta zama gajera a ruwa mai kwanciya. Magangaru ba nasa ba ne. Haka kuma mai farfaɗiya ko asma ko ciwon zuciya ko mai juna biyu, kada kunya ta hana faɗa a takardar da ake cikewa. Wannan takarda a karanta ta kafin a sa hannu, domin a cikinta ne mutum ke amincewa cewa ya san akwai haɗari.

Yanzu Tafkin Biktoriya. Shi ne mafi faɗi a Afirka, Yuganda da Kenya da Tanzaniya ne suka raba shi, kuma girmansa ya sa yana haifar da hadarinsa na kansa, wanda ya fi tasowa da dare da asuba a tsakiyar tafki, yana zuwa da iska da igiyoyin da ke hallaka masunta a kowace shekara. A Nuwamban 2018 wani jirgin shaƙatawa ya kife a ɓangaren Yuganda kusa da Mukono, mutum sama da 30 suka rasu. Ga mai kayak, abin tsoro shi ne iskar da ke busowa daga gaɓa zuwa cikin tafki, domin a bakin gaɓa ruwan yana kwance kamar ba komai, mutum yana tafiya cikin sauƙi bai san iska ce ke tura shi ba, sai ya juyo ya tarar ba ya iya komawa. Ƙa'idar masu sana'a ita ce a fara tafiya ana fuskantar iska, a dawo tana bayan mutum lokacin da ya gaji. A mafarin Nilu kuma akwai jan ruwa zuwa cikin kogi da zirga-zirgar jiragen inji. Wannan ne ruwan da na ce yana da sharaɗi: da safe, kusa da gaɓa, sama a washe, da jagora biyu. Da an ji tsawa a fita daga ruwa. Damina a wannan yanki biyu ce, daga Maris zuwa Mayu da kuma wajen Oktoba da Nuwamba. Kogin yana gudu duk shekara tunda daga tafki yake sha, amma a waɗannan watanni shirin yini yana iya rushewa cikin rabin awa.

Game da namun ruwa, sashen da ake kai baƙi a Jinja ba a san shi da dorina ba, ba kamar Nilu a gandun dajin Murchison ba, inda dorina da kada suka yi yawa. A Tafkin Biktoriya kuwa akwai kada, kuma yakan kama masunta a wasu gaɓoɓi, don haka ba a shiga duk inda aka ga dama. Hendri Coetzee, ɗan Afirka ta Kudu wanda yana cikin waɗanda suka jagoranci bin Nilu daga Yuganda har tekun Bahar Rum a 2004, kada ne ya fizge shi daga cikin kayak ɗinsa a kogin Lukuga na Kwango a Disamban 2010. Gwanintarsa ba ta da tamka, amma ruwan baƙo ne gare shi. Abin da ake biyan jagoran gari kuɗi dominsa, mafi yawansa sanin wurin ne.

Akwai haɗari guda da ba ya bayyana a ranar, wato tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya da ciyayi a bakin gaɓa, ta ratsa fata ba tare da rauni ba, kuma tana nan a Tafkin Biktoriya da Nilu. Wadda muka fi sani a gida ita ce mai sa fitsarin jini, amma wadda ta fi yawa a can ta hanji ce, tana iya zama a jiki shiru tana lalata hanta. A rage tsayawa a cikin ruwan gaɓa mai ciyawa, a goge jiki sosai da an fito, amma kada a ɗauka hakan ya isa. Maganinta, farazikwantel, yana kashe tsutsar da ta girma ne, saboda haka shan sa washegari ba ya amfani. Ana jiran mako shida zuwa takwas sannan a je asibiti a faɗa wa likita cewa an shiga ruwan Jinja. In zazzaɓi ko tari ko ƙuraje suka taso kafin nan, a je da wuri, a kuma gwada maleriya.

Abin da zan shirya muku da ni ne shi ne tafiyar safe ta awa biyu a tafkin Bujagali, cikin jiragen da ake zama a samansu, ku gaya wa kamfanin halin kowa a rubuce tun kuna Kampala, ku kuma tambayi ko akwai rangwame ga mazauna ƙasar, domin takardar zamanku ta ɗalibai tana iya rage muku kuɗi. Kusa da ƙarshen tafiyar, wanda yake so ya roƙi jagora ya bar shi ya faɗa ruwa da gangan ya gwada sake hawa, domin ya ji da jikinsa yadda rigar ke ɗaga shi. In abin ya shiga ranka, ka koma Kampala ka koyi iyo a wurin wanka har ka iya yin mita 50 ba tsayawa, ka kuma iya nutsa kai ba tare da firgita ba. Daga nan ka dawo ka ɗauki darasin yini guda a jirgin da ake shiga ciki, inda za a fara koya maka fitowa daga jirgin da ya kife kafin a kai ka mataki na 1 da na 2. In kuma kyan wuri kuke nema fiye da bugun zuciya, akwai Tafkin Bunyonyi kusa da Kabale a kudu maso yamma, mai tsibirai 29 a tsakanin tuddan da aka sassaƙa gonaki a jikinsu. Yana kan tudun da ya kusa mita 2,000, ruwansa mai zurfi ne da sanyi, gaɓarsa kuma tana gangarawa farat ɗaya, saboda haka can ma rigar kariya dole ce, kuma ga mai sikila Jinja ta fi dacewa.